AIKIN GAYYA DA RAYA ITATUWAN GIDA A AREWACIN ZAMFARA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da dattawan Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya ji yadda suke ba da labarin dajin da suka tashi suka tarar, da irin itatuwan da ke cikinsa, da namun dajin da ke fakewa a ƙarƙashinsu. Idan aka kwatanta wannan labari da abin da ido ke gani a yau, za a tarar da bambanci mai yawa. Gonaki sun yi fayau, iska na kwasar ƙasa da rani, ruwa na yanka ƙoramu da damina, mata da yara kuma na yin doguwar tafiya kafin su haɗa ɗaurin itacen girki.

A wannan babi za a duba yadda jama'a ke iya haɗa hannu, bisa tsarinsu na gayya, su mayar da itatuwa da ciyayin da ƙasarsu ta gada. Za a fara da ma'anar muhimman kalmomi, sa'annan yanayin yankin da dalilan ƙarewar itatuwansa. Daga nan za a kawo darasin da aka samu a ƙasar Maraɗi, wadda ke maƙwabtaka da wannan yanki, a bayyana hanyoyin aikin, a kuma nuna rawar da malamin makaranta zai taka. Abin da babin ke son ɗalibi ya riƙe shi ne, dasa itace aikin yini ɗaya ne, amma raya shi aikin shekaru ne, don haka gayyar da za ta raya daji sai ta zama mai ɗorewa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Gayya

Kalmar gayya suna ce, kuma tushensu ɗaya da aikatau "gayyata", wato kiran mutane zuwa ga wani sha'ani. A al'adance, gayya na nufin taruwar jama'a domin su yi wa wani mutum ko garinsu aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba tare da an biya su lada ba. Wanda ya kira ta shi ne uban gayya, waɗanda suka amsa kira kuwa su ne 'yan gayya. Ya kamata a lura cewa akwai wata kalmar mai irin wannan rubutu, kamar a cikin "ramuwar gayya" ko "ya yi don gayya", wadda ke nufin ganganci ko ƙeta. Muhallin da kalmar ta fito a jimla shi ke bambanta su.

Gayya iri biyu ce. Akwai wadda ake yi wa mutum, kamar gayyar noma da gayyar da saurayi kan kai gonar surukansa da ɗora jinka. Akwai kuma wadda ake yi wa gari, kamar gyaran ganuwa a zamanin da, da yashe rijiya, da share maƙabarta, da gyaran hanya bayan damina. Wannan ta biyu ita ce ta yi daidai da abin da ake kira aikin sa kai a Hausar zamani.

A gayyar noma, uban gayya kan tanadi fura da tuwo da goro. Makaɗa kan zo da gangar noma suna zuga samari, kowa na ƙoƙarin ya riga ɗan'uwansa fitar da kuyya. Ba a rubuta sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba, amma kowa ya san cewa wanda ya ƙi zuwa gayyar mutane, ranar tasa zai ga wayam. Saboda haka gayya bashi ce da ake biya da ƙarfi. Hausawa sun taƙaita hikimarta da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2.2 Itatuwan Gida da Baƙin Itatuwa

Itatuwan gida su ne waɗanda suka tsira da kansu a ƙasa tun kaka da kakanni, suka saba da ruwanta da zafinta da dabbobinta. Daga cikinsu akwai gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da aduwa da magarya da kurna da ƙirya da marke da bagaruwa da ɗakwara da goriba da giginya, da kuma ƙanana irin su sabara da kalgo da geza. Daga ciyayi kuwa akwai gamba da ƙyasuwa da harƙiya da burburwa.

Baƙin itatuwa su ne waɗanda aka kawo daga wasu ƙasashe. Fitacce daga cikinsu shi ne dogon yaro, wanda asalinsa daga yankin Indiya ne, aka kuma yaɗa shi a Arewa a zamanin Turawa. Yawan sunayensa ma ya nuna cewa kowane yanki ya raɗa masa nasa ne bayan zuwansa, domin wasu na ce masa darbejiya, wasu maina, wasu bedi. Haka nan akwai itacen turare, wanda asalinsa daga Ostireliya ne.

A karin harshen Yamma, wanda ya haɗa da Zamfarci, akan ce "icce" ga tilo, a ce "itace" ga jam'i, yayin da Daidaitacciyar Hausa ke da "itace" da "itatuwa". Wajibi ne malami ya san wannan bambanci idan zai aiki ɗalibansa tattaro bayanai daga bakin dattawa.

3.0 Yanayin Yankin

Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙananan hukumomi ne uku daga cikin 14 na Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996. Suna arewacin jihar, kuma ƙasar Zurmi ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar da Jihar Katsina. Damina a nan gajera ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke sauka a shekara kuma bai cika kai milimita 1,000 ba. Ƙasar tudu mafi yawanta jigawa ce mai rairayi, inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa. Gulaben Gagare da Bunsuru sun ratsa yankin kafin ruwansu ya zuba a Gulbin Rima, kuma a fadamunsu ake noman shinkafa da kayan lambu.

A gabashin yankin akwai babban gandun dajin Zamfara, wanda aka keɓe tun zamanin mulkin mallaka, daga baya ya zama makiyaya, musamman bayan dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. A cikinsa akwai tsofaffin garuruwan da aka bar wa mazaunansu gonakinsu, irin su Dumburum da Shamushalle.

4.0 Dalilan Ƙarewar Itatuwa

Na farko shi ne faɗaɗar noma. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga. Noman sayarwa ya buƙaci sababbin gonaki, aka yi ta sassabe. Da jama'a suka ƙaru, al'adar barin gona ta huta ta zama saura ta ragu ƙwarai, alhali a lokacin wannan hutu ne itatuwa ke samun damar tasowa.

Na biyu shi ne sauyin ra'ayi game da kyakkyawar gona. Garmar shanu da tarakta ba sa son kututture, don haka aka riƙa koya wa manomi cewa gonar da ta amsa sunanta ita ce wadda aka tumɓuke komai a cikinta. Duk tohon da ya fito, sai a sare shi a lokacin sharar gona a ƙone.

Na uku shi ne fari. Ƙasar Hausa ta sha fama da shi, tun daga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, har zuwa farin 1972 zuwa 1974 da na 1984. A irin waɗannan shekaru manyan itatuwa kan bushe, talaka kuma kan koma saran itace da ƙona gawayi domin ya sayi hatsi, makiyayi ya sassare rassa domin dabbobinsa.

Na huɗu shi ne buƙatar makamashi. Mafi yawan gidaje da gidajen burodi da masu tuya da gashi da itace ko gawayi suke aiki. Masu gawayi kuwa sun fi neman itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke, waɗanda kan ɗauki shekaru masu yawa kafin su girma.

Na biyar, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne batun mallaka. Dokokin daji sun hana saran wasu itatuwa sai da izinin malamin daji, ko da a gonar mutum suke. An yi dokar da kyakkyawar niyya, amma manomi ya fassara ta da cewa itacen na hukuma ne. Wanda kuwa ya san ba zai mori abu ba, ba zai wahala wajen renonsa ba. Wasu ma kan kashe tsiron tun yana ƙarami domin kada ya girma ya jawo musu tara.

5.0 Me Ya Sa Itatuwan Gida?

Ba a musun amfanin dogon yaro. Yana da saurin girma, dabbobi ba su cika cin sa ba, ya kuma ba garuruwan Arewa inuwa. A kwarin Majiya da ke Jihar Tawa ta Nijar, tun daga 1975 ƙungiyar CARE da manoma suka dasa dogayen layukansa domin tare iska, aka kuma ga amfanin hakan. Sai dai a tsakiyar gona, inuwarsa da saiwoyinsa kan takura wa shuka. Itacen turare kuwa mai yawan shan ruwa ne, ciyawa ba ta cika tsira a ƙarƙashinsa ba.

Gawo ya sha bamban da su. Shi yakan zubar da ganyensa da damina, ya yi kore da rani. Wannan ya sa ba ya tare wa gero rana a lokacin da yake buƙatarta, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Saiwoyinsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Da rani dabbobi kan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Kowane manomi ya san cewa geron gindin gawo ya fi na fili kyau. Tarihin Damagaram ya ruwaito cewa sarakunanta sun sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare gawo, abin da ke nuna cewa sanin darajarsa ba sabon abu ba ne.

Sauran ma kowanne da nasa amfani. Kuka na ba da miya da garin kwalba da igiya. Daga kalwar ɗorawa ake daddawa. Da bagaruwa ake jima. Ɗakwara ke ba da ƙaro. Kabar goriba ita ce tabarma da igiya da faifai. Sabara da kalgo kan tare ƙasar da iska ta kwaso, su tara ta a gindinsu, ban da maganin da ake samu daga gare su. Gamba kuwa tana riƙe iyakar gona, a kuma yi zana da ita.

Akwai kuma hasarar harshe. Garuruwa irin su Kalgo da Kukawa da Magarya, da unguwar Kurna a Kano, duk daga itatuwa suka samo sunayensu. Idan itace ya ɓace, sunansa kan bi shi, tare da karin magana da kacici-kacici da sana'ar da ta dogara a kansa. Yaron da bai taɓa ganin ƙirya ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa ake kwatanta jarumi da ita.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta gane wannan ba. A Kenya, Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa a 1977, ta ƙarfafa dasa na gida, aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004. A gaɓar tekun Senegal, tun daga 2006 mutanen ƙauyukan Kasamas suka riƙa fita ƙwansu da kwarkwata suna sake dasa itatuwan da ke tsira cikin taɓon ruwan gishiri, domin a nan kifi ke hayayyafa, su ne kuma ke kare gonakin shinkafa. Kowace ƙasa da itacen da ya dace da ita.

6.0 Shirye-shiryen Hukuma

Gwamnatoci sun daɗe suna yaƙi da gurgusowar hamada ta hanyar kafa gandayen renon itatuwa da dasa shingayen tare iska da bikin dashe na shekara-shekara. A 1994 aka ƙulla yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da hamada, aka kuma keɓe ranar 17 ga Yuni domin tunawa da wannan matsala. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa hukumar kula da shirin a 2015, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 da ya shafa. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Duk da haka, raunin da aka sha gani a dashen hukuma ɗaya ne. Akan yi taro, manyan baƙi su dasa, a watse. Damina na wucewa sai rani ya shigo, ba mai ban ruwa, ba shinge, awaki su cinye abin da gara ta bari. Badi a sake dawowa wuri ɗaya a sake dashe. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne itatuwan da suka rayu bayan shekara uku, domin adadin da aka dasa ranar biki ba ya nuna komai.

7.0 Darasin Ƙasar Maraɗi

Mutanen Maraɗi Hausawa ne, Katsinawa da Gobirawa, ƙasarsu ma ta fi ta arewacin Zamfara ƙarancin ruwa. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun yi fayau. Wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya yi shekaru yana raba dashe, mafi yawansa na mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sarewa kowace shekara, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun tuni. Saiwoyinsu na nan da rai, sun nutsa cikin ƙasa. Ke nan dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata shi ne a rage tohon, a bar 'yan kaɗan masu ƙarfi su girma. Manoma suka raɗa wa wannan dabara suna sassaben zamani.

Da farin 1984 ya zo, aka haɗa dabarar da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, wato wanda ya bar itatuwa a gonarsa a ba shi hatsi. Aka raya itatuwa kimanin 500,000. Amma da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku aka sare su. Wannan babban darasi ne: abin da aka yi domin ladan wani, yakan tsaya ranar da ladan ya tsaya. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka fara samun itacen girki da abincin dabbobi, suka ga iska ta daina binne musu shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi.

Abu biyu suka taimaka. Na farko, hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwan gona, ta hanyar dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004, manomi ya sami natsuwar cewa zai mori abin da ya rena. Na biyu, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye sun kafa kwamitocin sa ido, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka tsara wa kansu dokoki da tarar wanda ya saci itacen wani. Bayan kimanin shekara 20, binciken da aka yi da hotunan sama da na tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya shahara da raya ƙeƙasasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ramukan taki.

8.0 Hanyoyin Aikin

8.1 Sassaben Zamani

(a) A zagaya gona kafin shara, a zaɓi kututturan da za a raya bisa amfanin da ake nema.
(b) A kowane kututture a bar toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran.
(c) A datse ƙananan rassan da ke ƙasa har zuwa rabin tsawon tohon. A yi da kaifaffen lauje ko adda, a yi saran daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage.
(d) A ɗaura ƙyalle a jiki domin kowa ya san yana da mai shi.
(e) A riƙa komawa bayan 'yan watanni ana rage sabon toho. Abin da aka rage shi ne itacen girki da harawa.

Fifikon wannan hanya shi ne ba ta bukatar sayen iri ko ban ruwa, kuma tohon kututture ya fi dashe saurin girma domin saiwarsa ta riga ta kafu.

8.2 Reno da Dashe

Inda kututture ya ƙare, dole a koma ga iri. Ƙwayar kuka da gawo da ɗorawa da bagaruwa tana da taurin ɓawo, don haka akan jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, ko a ɗan kankare gefenta. A shuka a leda mai haɗin ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki tun da bazara, a dasa idan damina ta zauna sosai, wajen watan Yuli. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya ko kwando.

8.3 Tare Ruwa da Iska

A faƙon da ruwa ba ya shiga, akan haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a zuba taki, a watsa irin ciyawa, a dasa itace a ciki. A bakin ƙorama akan jera duwatsu a dasa gamba. Shingen itatuwa kuwa akan gitta shi ne a kan hanyar iska, kuma yakan kare fili mai nisan kimanin ninki goma na tsawon itatuwan. Waɗannan ayyuka ne na gayya tsantsa, domin sun fi ƙarfin gida ɗaya.

9.0 Daidaita Gayya da Renon Itace

Gayyar gargajiya aikin yini ce. A taru da safe, a gama da la'asar, a ci tuwo a watse. Itace kuwa yana buƙatar kulawa ta aƙalla rani uku kafin ya fi ƙarfin akuya. Domin cike wannan giɓi, ana buƙatar abubuwa huɗu.

Na farko, a raba aikin gida biyu. Haƙa da dashe da shinge na taron gayya ne. Ban ruwa da tsaro kuwa a danƙa su ga mutane sanannu, kowane layi ko kowane itace da mai shi.

Na biyu, a fayyace mai moriya tun kafin a sa fartanya. A gaban mai unguwa ko hakimi da malamin daji a bayyana wanda zai ɗebi 'ya'ya da ganye, da lokacin da aka yarda a rage rassa.

Na uku, a shigar da kowa. Mata su ne masu neman itacen girki, su ne kuma masu daddawa da kuka, don haka sun fi kowa sanin itacen da ya yi ƙaranci. Makiyaya ma wajibi ne a zauna da su, a bar burtali da mashaya a buɗe, a amince da lokacin da dabbobi za su shiga. Shingen da aka yi ba da saninsu ba yakan zama sanadin rikici.

Na huɗu, a yi amfani da masu faɗa a ji. Sarkin noma da shugabannin samari da makaɗa suna da tasiri. Limamai kuma kan tunatar da cewa Musulunci ya ɗauki dasa itacen da mutum ko tsuntsu ko dabba za ta ci a matsayin sadaka.

Ba za a rufe ido ga matsalar tsaro ba. Tun wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, ƙauyuka da yawa suka tashi, shiga daji da gonakin nesa ya zama haɗari. Jama'ar da suka taru a manyan garuruwa kuma sun ƙara matsa wa itatuwan da ke kewayen garin. Saboda haka hikima ita ce a fara da inda ƙafa ke iya zuwa lafiya, wato gonakin bayan gari da harabar makaranta da maƙabarta da filin idi da bakin kasuwa. Bai halatta malami ya kai yara inda ake fargaba ba, kome kyan niyyarsa.

10.0 Rawar da Malami Zai Taka

Malamin Hausa yana da dama ta musamman, domin wannan ilimi a cikin harshen yake. Zai iya aikin ɗalibai su tattaro sunayen itatuwa da ciyayi daga iyayensu, su rubuta amfanin kowanne, su ware waɗanda suka ɓace daga garinsu. Daga nan a sami darasin ƙamus da na karin harshe da na insha'i. Zai iya sa su tattaro karin magana da kirarin da suka ambaci itatuwa, a yi nazarinsu a darasin adabin baka.

A aikace kuma, makaranta na iya kafa ɗan ƙaramin gandun reno. Kowane ɗalibin aji ɗaya a ba shi itace guda da sunansa, ya rene shi har ya gama makarantar, ya miƙa wa na baya. A ajiye littafin da ake rubuta abin da aka dasa da abin da ya rayu a ƙarshen kowane rani. A kuma shirya masu ban ruwa a lokacin hutu tare da ƙungiyar iyaye da malamai, domin a hutun bazara ne dashen makarantu ya fi mutuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma yaro.

11.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa itatuwan arewacin Zamfara sun ragu ne sanadin faɗaɗar noma da fari da buƙatar makamashi da rashin tabbas kan mallaka. An ga fifikon itatuwan gida, musamman gawo, a cikin gona. An kuma ga yadda manoman Maraɗi suka raya miliyoyin itatuwa daga kututturan da ke gonakinsu, bayan sun tabbata cewa amfanin nasu ne. Al'adar gayya tana nan, kututturan ma suna nan a gonaki da yawa. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai sa wanda ya fito ranar dashe ya dawo ranar ban ruwa, kuma malamin da aka tura ƙauye yana cikin waɗanda suka fi cancantar fara wannan tsari.

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anar gayya, ka kawo ire-irenta tare da misalai.
2. Kawo dalilai huɗu da suka jawo ƙarewar itatuwa a arewacin Zamfara.
3. Me ya bambanta gawo da dogon yaro a cikin gona?
4. Me ya sa aka sare mafi yawan itatuwan da aka raya a Maraɗi bayan rabon abincin 1984? Wane darasi ke cikin wannan?
5. Zayyana matakan sassaben zamani bi da bi.
6. Tattaro sunayen itatuwan gida 20 na yankinku, ka nuna waɗanda sunansu a karin harshenku ya saɓa da na Daidaitacciyar Hausa.